Rabon Yaya Ilu a Faranti

Ni dai ban yi boko ba, allon ma ban wuce inda malam ya gaji da dukana ba. Abu biyu na iya a duniya, fiɗa da surutu, kuma na biyun ya fi ciyar da ni. Saboda haka wanda ya ga karkata a rubutun nan ya yi haƙuri, hannun da ya saba da wuƙa aka damƙa wa alƙalami.

Sunana Tanko, amma Yaya Ilu, ɗan wan babana, bai taɓa kirana da shi ba. Kura yake ce mini, don tun ina yaro in hanta ta ɓace a rumfa ba a tambayar kowa, bakina ake shinshinawa. Mu mahauta ne kaka da kakanni, can ƙasar Katsina, kuma duk kasuwarmu ba mai hannun Yaya Ilu. Tare muka sayar da rumfa da ɗan gidan gado muka kama hanyar gabas a ƙasa, Turawa ba su sauka daga mulki ba tukuna.

Ba zan ɓata takarda da labarin garuruwan da muka ratsa irin su Yerwa da Fallomi ba. Abin ya faro ne bayan Abashe, inda guzuri ya ƙare. Yaya Ilu ya tuɓe babbar rigarsa ya musanya ta da wata akuya mai shayarwa da ɗanta. Ni na sa mata suna Hajiya, tunda ita ma gabas ta nufa kuma ta fi mu natsuwa. Safe da yamma muna tatsarta, mu dama da ɗan garin da ya rage. Ɗan akuyar sai abin da muka bar masa, mu kuwa ba mu san bari ba. Ya yi ta ramewa, har wata safiya muka tashi shi bai tashi ba. Uwar ta yi ta kuka har muryarta ta dishe, mu dai muka ci gaba da tatsa. Da nonon ya ƙafe, ƙafarta kuma ta kumbura, 'yan ayari suka ce a yanka ta kafin ta zama mushe. Wa zai yanka in ba gwani ba?

Ta ƙi zuwa wurin kowa. Sai Yaya Ilu ya tsuguna ya yi mata irin kiran da yake yi in zai ba ta ɓawon gyaɗa. Ta taho da ɗingishinta, ta sa baki a tafin hannunsa tana nema. A nan ya kwantar da ita.

Da aka raba nama ya ture nasa gabana. Na ɗauka zazzaɓi ne. Na cinye nawa na cinye nasa, na suɗe yatsu, na yi masa addu'ar samun sauƙi amma ba da gaggawa ba.

Sauƙin bai zo ba. Muka yi damina da rani muna tsinkar auduga a gonakin Sudan don tara kuɗin jirgi, Yaya Ilu bai ƙara sa nama a baki ba. Ya bar nono, ya bar man shanu, ya bar ƙwai. Takalminsa na fata ya bai wa wani makaho, ya yanko tsohuwar tayar mota ya ɗaura. Wake, dawa, kuka, gyaɗa, shi ke nan duniyarsa.

Na ce, "Yaya, mutane na cewa aljani ka taka a jeji."

Ya ce, "Su faɗa."

"To abin da Allah ya halatta kai ne za ka haramta?"

"Wane ni, Kura? Ban ce haram ba ne. Ka ci, ba zan riƙe hannunka ba. Ni dai na sha nonon ɗa har ya mutu, na kira uwar da muryar abinci na yanka ta. Duk tsokar da na kalla yanzu, bakinta nake ji a tafina. Na gama."

Na ce a raina, yunwa za ta gyara shi. Yunwa ta gyara ni sau ɗari, shi ko gezau.

Daga Sawakin, can bakin teku, wani dillali ya cusa mu cikin jirgin ruwan da ya rantse yana da rumfa da ruwan sha. Rumfar sararin Allah ce, ruwan kuwa wanda ke ƙarƙashinmu. Muka sauka Jidda kamar wankin da aka manta a rana. Aikin hajji dai Allah ya nufa mun yi, kuma ko a nan sai da Yaya Ilu ya bi malamai yana tambaya har ya gano irin haramar da ba ta wajabta wa mutum yanka, ita ya ɗaura. Da aka watse, masu kuɗi suka koma gida, mu muka gangara Nuzla, unguwar da ɗakunanta rabi gwangwani rabi kwali, rana ta gasa ka ta sama, langa-langa ya gasa ka ta gefe.

A nan muka san Khala Asabe, mai sayar da wake da gurasa a bakin lungu. A Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo daga Zazzau, Hausarta kuwa rabi a ruwa rabi a tudu. Ran da ta ga Yaya Ilu ya mayar da kwano don an zuba man shanu, ta riƙe haɓa.

"Esh hada? Kai wane irin Takari ne, ya waladi? Mutane na kuka babu samin, kai an sa maka kana mayarwa?"

Takari suke ce wa duk wanda ya fito daga ƙasashenmu, samin kuwa man shanu ne. Amma washegari ta ware masa 'yar tukunya daban da man riɗi, ba ta ƙara tambaya ba. Ita ce kuma ta gaya mana gaskiyar garin: wanda ba shi da iƙama, wato takardar zama, askarawa na iya tsince shi ko a bakin masallaci su tura shi jirgi. Iƙama kuwa ba ta samuwa sai da kafili, ɗan ƙasa da zai tsaya maka, ka zama a ƙarƙashin sunansa. Watanni muka yi muna jin ƙarar mota muna faɗawa bayan buhunan gawayi. Na taɓa yini a cikin tanderun gurasa da aka kashe, na fito kamar wanda za a kai kasuwa a tire.

Wanda ya tsaya mana shi ne Ammi Salim, mai garken tumaki da rumfunan tsire a unguwar Hindawiyya. Shi a wurinsa duk Takari da wuƙa aka haife shi. Ya tambayi sana'armu, kafin Yaya Ilu ya buɗe baki na riga shi. Na zuba masa kirari irin na gida, na ce wannan da kake gani, sa na ganinsa yake kwantawa da kansa, fata yake cirewa kamar ana tuɓe riga. Ammi Salim bai san kirari ba. A garinmu kowa ya san ana rage rabi a zubar, shi kuwa ya haɗiye duka har da ƙashi. Aka rubuta mu mahauta mu biyu.

A hanya Yaya Ilu ya ce, "Kura, ka saka ni a rami."

Na ce, "Ramin da ke da inuwa ya fi jirgi. Ka bar mini."

Muka shirya abinmu. Ammi Salim ba ya zuwa mayanka da sassafe, don haka ni nake yankan mutum biyu, fiɗar mutum biyu. Yaya Ilu ya ɗauki ɗiban ruwa, faskare, dakan ƙuli da yaji, da ba dabbobi abinci. Ko wannan ɗin yana ci masa rai, don ya san inda yajin zai je, amma ya daure. Matsalar ɗaya ce, ranar Juma'a. Bayan an sauko, Ammi Salim kan tara ma'aikatansa a faranti guda na shinkafa, ya yagi nama da hannunsa ya jefa gaban kowa. A wurinsu wannan girmamawa ce, kuma mayar da ita kamar ka tofa wa mutum yawu a gemu ne. Sai na riƙa zama a daman Yaya Ilu, gwiwa na gugar gwiwa. Tsoka na sauka gabansa, zan yi tari ko in nuna wani abu a bango, kafin a juyo ta wuce. Shi ya ci shinkafar gefe inda romo bai kai ba. Haka muka yi shekara da wani abu, ni ina ƙiba shi yana tsotsewa, har Ammi Salim ya ce bai taɓa ganin 'yan'uwa da abinci ɗaya ke yi wa aiki iri biyu ba.

Sai Allah ya ba Ammi Salim ɗa namiji bayan 'ya'ya mata. Ranar yankan suna ya tara manyan unguwa, 'yan kasuwa, limami, surukansa. Aka jawo rago fari kamar auduga. Na gyara hannun riga na matso, sai ya ɗaga mini hannu.

"La, la, ba kai ba. Yau babban ne zai yi. Wanda sa ke kwanta masa."

Ya zaro sabuwar wuƙa, ya miƙa wa Yaya Ilu da hannu biyu a gaban jama'a. Na fara tari, amma wannan ba tsokar da tari zai ɗauke ba ce.

Yaya Ilu ya kalli ragon, ya kalli wuƙar, ya sa hannayensa a baya. Da ɗan Larabcinsa ya ce, "Ka gafarce ni, ya ammi. Ba na yanka."

Wurin ya yi tsit, har ana jin ragon na tauna. Na yi wuf na ce hannunsa ne ya gurɗe, na karɓi wuƙar na yi aikin. Amma Ammi Salim ba yaro ba ne. Da aka kawo abinci ya tashi da kansa, ya raba ni da Yaya Ilu, ya zauna a tsakaninmu. Ya yagi tsoka ya kai ta har bakinsa.

"Kul. Ci, albarkacin ɗana."

Yaya Ilu ya rufe baki, hawaye na zuba, ya girgiza kai. Wani daga cikin surukan ya yi dariya ya ce, "Salim, Takarinka na ƙyamar naman ɗanka." Wannan dariyar ce ta kashe mu.

Kwana kaɗan aka kira mu mahkama, wato gaban alƙali. Ƙarar ita ce Yaya Ilu ya ƙi aikin da aka ɗauke shi dominsa, kuma yana haramta abin da Allah ya halatta. Ta biyun ta fi tsoratar da ni, don ba a wasa da ita a ƙasar nan. Khala Asabe ta ja ni gefe ta ce, "Isma'a, ka gaya masa ya ce marid ne. Ciwon ciki, halas. Mara lafiya ba mai taɓa shi, har aikin ma sai a canza masa."

Na kai masa wannan shawara da gudu. Ya ce, "Cikina lafiya lau."

"Na sani! Ni ma na san lafiyarsa lau, wake ne fal a ciki! Faɗa kawai za ka yi."

"In na ce ciwo ne, na ce Hajiya ba komai ba ce."

"Yaya, akuya ce fa. Akuya! An cinye ta, ni na ci kaso biyu!"

Na ce a raina to, tunda ni ne tafinta, bakinsa a hannuna yake.

Alƙalin dattijo ne siriri mai tabarau, yana zaune a kan darduma da littattafai a gefensa. Ya ce a tambaye shi me ya hana shi cin nama. Yaya Ilu ya ba da labarin akuya tun daga Abashe, a nutse. Ni kuwa na juya na ce, "Allah ya gafarta malam, ya ce in ya ci nama cikinsa kumbura yake, ya yi ta amai har da jini." Na ƙara da kama ciki ina nishi don a gane.

Nishin ne ya tona ni. Yaya Ilu ya dube ni, ya dubi alƙali, ya ce da Larabci, "Ana mu marid, lafiyata lau. Ƙarya yake."

Aka kore ni gefe kamar kare a masallaci, aka kira wani askar jikan Kanawa ya karɓi tafintar. Daga nan sai dai na saurara, ina cizon yatsa.

Alƙali ya ce, "Kana cewa nama haram ne?"

"A'a. Halal ne."

"Rantsuwa ka yi? In rantsuwa ce ka yi kaffara ka huta."

"Ban rantse ba."

"Wani shehi ne ya ɗora maka? Kuna da jama'a?"

"Ni kaɗai ne."

Alƙali ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Bawan Allah, ka taimake ni in taimake ka. Mara lafiya ina da ƙofar da zan fitar da shi. Mai rantsuwa ina da tasa. Mahaukaci ma ina da tasa. Kai ka ƙi shiga ko ɗaya."

Yaya Ilu ya ce, "Allah ya gafarta malam, Nasaran da ke aiki a bakin teku, na ga ba mai kama hannunsu ya ce sai sun yi yanka irin namu. An bar su da abinsu don suna da littafi da jama'a. Ni nawa abin don ba shi da littafi, kuma mutum ɗaya ne ke ɗauke da shi, shi ke nan ba shi da nauyi? Wallahi ya fi buhun gero nauyi a ƙirjina."

Alƙali ya ce, "Mutum ɗaya ba mazhaba ba ne. In na buɗe wannan ƙofa, gobe mai ɗiban ruwa zai zo ya ce zuciyarsa ta ƙi tulu."

"In ya bar shan ruwan shekara da shekaru, malam, a saurare shi."

Askar ɗin ya fassara. Na ce yau sai bulala. Amma alƙali murmushi ya yi, na ga haƙoransa. Ya daɗe yana kallon takalmin tayar nan. Sannan ya yanke: ba a samu Yaya Ilu da haramta halal ba, ba bulala, ba ɗauri, kuma ba wanda ke da ikon cusa masa loma a baki, ko kafili ne. Na fara hamdala. Sai ya ƙarasa: amma aikin da aka rubuta shi a kai yanka ne, kuma ba zai tilasta wa Ammi Salim riƙe mahaucin da ba ya yanka ba. In kafili ya janye sunansa, sai ya samo wani kafin jirgin masu komawa ya tashi.

Wato bakinsa nasa ne, amma ƙasar da zai tsaya ya rufe bakin ta wani ce.

Ban taɓa yawo irin na kwanakin nan ba. Na bi Hindawiyya ƙofa ƙofa, na je wurin masu gini, masu gawayi, masu jakunan ruwa. Labari ya riga ni ko'ina: ai shi ne Takarin da ya kunyata ubangidansa ranar suna. Wani ya ce in kawo shi ya gani, da muka je ashe kallo yake so, ya tara yaransa ya miƙo ƙashi yana dariya. Khala Asabe ta yi kuka ta ce da tana da takardar ƙasa da ta tsaya masa, amma ita da aka haifa a nan ma a ƙarƙashin wani take. In aka mayar da shi, Sudan za a zubar da shi, ba rumfa ba gida ba riga, ga tari ya fara kama shi.

Na koma wurin Ammi Salim na faɗi na kama ƙafarsa. Na ce aikin mutum biyu dama ni nake yi, zan yi na uku. Ba mugu ba ne, kunya ce ta ci shi. Ya ce, "Zan tara mutanen nan na ranar suna. Ya ci loma ɗaya daga hannuna a gabansu, ko kamar ƙwayar gyaɗa. Bayan nan kada ya ƙara ci har ya mutu, ba ruwana, ya yi ta ɗiban ruwansa. Loma ɗaya, halas."

Na iske Yaya Ilu a garke da rana tsaka yana ba tumaki ruwa. Na ce, "An samu! Ƙwayar gyaɗa kawai. Kada ma ka tauna. Ka ɓoye a kunci, in mun fita ka tofa mini a hannu, ni zan cinye, ka san ba na ƙyama."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin Abashe. Ya ce, "Kura, kai dai Allah ya yi ka."

"To ka yarda?"

"Ka tuna yadda na kira ta? Na nuna mata abu a hannu, ashe wani abu ne a bayansa. Ba zan ƙara yi wa kowa haka ba, ko Ammi Salim ne."

Na zage shi. Yayana ne, ban taɓa ba, amma ranar na zage shi. Na ce ya zaɓi mushen akuya a kan ɗan'uwansa, zai bar ni ni kaɗai a ƙasar mutane. Ya bar ni na gama, sannan ya miƙo mini guga ya ce waccan tunkiyar ba ta sha ba.

Ranar da askarawa suka tafi da shi da sauran waɗanda za a mayar bakin teku, Khala Asabe ta ƙulla masa gurasa da dabino da soyayyen wake a tsumma, tana ta faɗa wai ba ta sa samin ba, kada ya mayar mata. An jera su a rana kamar garken da za a loda. Na kutsa har inda igiya ta tsayar da ni. Na shirya maganganu da yawa, duk suka gudu. Shi ne ya yi magana.

"In za ka yanka, ka ba su ruwa tukuna. Kuma kada ka kira su da muryar abinci. Ka je ka kamo su, su san abin da ke tafe."

Na ce to. Aka tura su gaba, ina hango takalmin tayar nan yana hawa tsani har ya shige. Ban ƙara ganinsa ba. Na tambayi alhazan da ke biyowa ta Sudan shekara da shekaru, wani ya ce ya ga mai kama da shi yana sayar da wake, wani ya ce a'a, wancan ya daɗe da rasuwa. Ni da na yi ƙarya ta cika buhu, iƙamata ba ta taɓa mutuwa ba, ga ni har na tsufa a Nuzla da jikoki masu amsa mini Hausa da Larabci.

Juma'ar da ta biyo bayan tafiyarsa, muka zauna a farantin Ammi Salim kamar kullum. Na bar wuri a hagu ba tare da na sani ba. Ya yagi nama yana jefawa gaban kowa, tsoka ta sauka a gabana. Na cinye. Sai na ji maƙogwarona ya shirya tari, hannuna ya tafi hagu da kansa, ya dawo da shinkafa zalla.